Uwar Duwatsun Baba Daidai

Masu sharar kasuwa sun san wannan sauti kamar yadda suka san tarin junansu. Tun mahauta ba su fara wasa wuƙaƙe ba, tun ba a ɗaga ƙofofin shaguna ba, daga can ƙarshen layin masu awo za ka jiyo shi: ƙis-ƙis, ƙis-ƙis, a tsaya, a hura, a ci gaba. Baba Daidai ke nan yana yi wa uwa wanka.

Uwa ba mutum ba ce. Dutsen awo ne na tagulla, laba ɗaya, mai ɗan kai da ake kamawa da yatsu uku. Sana'ar Baba Daidai gyaran ma'auni ce, irin mai faranti biyu da ake ratayawa, da kuma duwatsunsa. Duk wanda ya yi shakkar dutsensa a layin nan, wurinsa yake kawowa. Sai ya ɗora uwa a hagu, ya ɗora na mutum a dama, ya zuba wa harshen ma'auni ido. In dutsen ya rinjayi uwa, ya sa magagari ya gurje shi. In ya kasa, ya huda gindinsa ya ɗura masa dalma. Ba ya saki sai harshe ya tsaya cak a tsakiya, sannan ya ce, "Daidai." Daga nan sunan ya samo asali, ya kuma danne na gaskiya har jikokinsa ma ba su san yana da wani ba.

A hannun mahaifinsa ya koyi aikin. Tsohon mutum ne mai tsadar magana, ya rasu ya bar benci, da magagarai, da ludayin narka dalma, da duwatsun laba guda biyu, tagwaye, waɗanda tare aka saye su. Ɗaya, wato uwa, ta zama ta Baba Daidai, babban ɗa da ya gaji benci. Ɗayar aka ba auta don kada ya ce an ware shi, ko da yake shi makaranta ya bi, bai san ko ta ina ake riƙe magagari ba. Abu ɗaya tsohon ya nanata wa babban ɗan: datti ma nauyi gare shi, kada a bar shi ya kwana a kan uwa.

Shi mahaifin, busasshen tsumma kawai yake sa mata. Amma Baba Daidai mutum ne wanda in ka ce ya tsaya sai ya ƙame. Ya ga tsumma kaɗai raini ne ga uwa. Ya ƙara toka. Ya ƙara lemon tsami. Da wani ɗan tabo ya ƙi fita, ya samo rairayi mai laushi ya haɗa. Shekaru sun haura arba'in yana wannan, da zazzaɓi da lafiya, har uwa ta zama madubi. Mata masu wucewa kan tsaya su gyara ɗaurin ɗankwali a jikinta.

Ƙorafinsa ɗaya ne a duniya, wato masu ƙera duwatsun zamani. "Ba su da hannu," in ji shi. "Duk sabon dutsen da aka kawo mini sai na tarar ya zarce. Da can rabi gurza rabi ciko nake yi. Yanzu dubi ludayin dalmata, gizo ya yi saƙa a ciki." Da sikelin batir ya shigo gari, wani magidanci ya zo yana huci, wai ya sayi nama laba biyu, ya ɗora a na gidansa bai cika ba. Baba Daidai ya dube shi ta saman tabarau.

"Sikelin naka shekararsa nawa?"

"Bara na saye shi."

"To bari ya yi haƙori tukuna, sannan ya zo ya yi musu da uwa."

Aka kwashe da dariya, mutumin ya tafi yana ƙunƙuni. Haka layin ya tsaya a kan laba, kilo na can yana cin kasuwarsa a manyan kantuna.

Ana nan sai wata mata ta kama rumfa a tsakiyar layi. Busasshiyar citta take saye daga hannun manoma, ta tara ta sayar wa masu manyan motoci, shi ya sa ake ce mata Mai Citta. Da rumfar take riƙe da gidanta. Ba ta da yawan fara'a, kuma, abin da ya fi ba mutane haushi, ba ta kai duwatsunta gaisuwa wurin uwa ba. Sababbi ta saya a kwalinsu, ta rataya ma'auni, ta kama aiki.

Rigimar ta tashi ne ranar da wani manomi ya auna buhunsa a wurin maƙwabcinta, Mai Barkono, wanda shi ma yake taɓa sayen citta, sannan ya kai wurinta don ya ji farashi. Buhu ɗaya, amma a wurinta labobin suka ragu. Manomin ya ɗora hannu a kai. Mai Barkono ya fito tsakiyar hanya yana kiran jama'a su zo su ga ikon Allah. Shugaban layi ya zo da tumbinsa, ya ce kowa ya yi shiru, a tafi wurin Baba Daidai.

"Baba, ka duba da kyau," in ji Mai Citta, tana miƙa dutsenta. "Yadda na saye shi haka yake, ko allura ban sa masa ba."

"Ba ni zan duba ba, 'yata. Uwa ce."

Ya ɗora uwa a hagu. Ya ɗora nata a dama. Farantin dama ya yi ƙasa, bai ko yi shawara ba, ya bugi benci, ƙwal.

"La'ilaha!" in ji jama'a.

"Ban faɗa muku ba?" Mai Barkono har da tsalle. "Ciki gare shi, dutsen nan! Wata nawa, Hajiya?"

Baba Daidai ya girgiza kai. "Ya zarce da fiye da rabin oza. Wannan dutse yana cin haƙƙin manoma." Ya miƙa hannu ya ɗauki magagari. "Bari in rage masa, a wuce wurin."

Ta dafe dutsen da tafin hannu. "Ba za a gurza mini dutse ba. In aka gurza, na amsa laifi ke nan."

"To ki amsa mana," in ji Shugaba. "Ko kin fi uwa sani?"

Ta juya ta dubi tsohon ido cikin ido. "Baba, ka haife ni, ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma wani abu ya yi ƙarya a kan bencin nan, kuma ba ni ba ce."

Tun da aka kafa layin ba a taɓa jin irin wannan ba. Shugaba ya yanke hukunci nan take: kafin ƙarshen mako ta kwashe kayanta ta bar rumfa. Dutsen kuma aka ɗaure shi a ƙyalle aka ba Baba Daidai ajiya, don shaida. Tun daga ranar manoma suka riƙa wuce rumfarta kamar ba su ga mutum ba.

Ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, da rana tsaka, autan gidansu Baba Daidai ya iso shago da jakarsa ta fata. Ya yi ritaya daga koyarwa, amma bakinsa bai yi ba. Ƙamus ake ce masa, saboda ba za ka ce masa sannu ba sai ya gaya maka inda sannu ta fito. Ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Yaya, ka san kakan laba?"

"Na san kakanka, ya ishe ni."

"Ai jiya na gano zuriyarta kaf. Ka san fam ɗin nan da tsofaffi ke faɗa? To da shi da labar da kake aunawa, ɗaki ɗaya aka haife su."

"Allah ya raya. Matsa, kana tare mini haske."

Ƙamus ya matsa, amma gaba ya matso. "Rumawan da, ma'auni irin naka ɗin nan mai faranti biyu, libra suke ce masa. Nauyin da suke ɗorawa a kai, shi ma libra. In suna so a gane na awo suke nufi, sai su ce libra pondo, wato libra ta nauyi. Shi pondo ɗin ma ɗan gidan wata kalma ce mai nufin ratayawa, don ma'auninsu ratayawa ake yi, kamar naka. Kana ji?"

"Kunne ba shi da murfi, ya zan yi?"

"Maganar ta faɗa bakin kakannin Turawan Ingila, suka yar da kai suka riƙe wutsiya. Pondo ya zama pound. Amma in sun zo rubutawa, sai hannu ya tuna da kan da baki ya yar, su sa haruffa biyu, l da b. Da ta iso bakinmu, pound ya zama fam. Haruffan nan biyu kuma, in hasashena bai ɓata ba, su muka yi wa ciko muka ce laba. Dubi yadda aka suɗe ta, Yaya! Libra pondo guda, ta biyo bakuna, ta biyo bakuna, da ta iso wurinmu sai fam."

"Duk wannan yawon da ta sha, ta cika laba ko ba ta cika ba? Ni iyakar aikina ke nan."

"Tsaya in nuna maka." Ƙamus ya zura hannu a jaka ya fito da 'yar'uwar uwa da ya gada, wadda shekara da shekaru take danne masa takardu a kan tebur. Ta dafe, ta yi baƙi-baƙi da kore-kore.

Baba Daidai ya kau da kai. "Kai dai ka ji kunya. Kayan Baba ne ka mayar haka? Ko akuya aka ba ajiya ta fi ka."

"Bar wannan. Ga su nan, ka gani? Lamba ɗaya, sai l, sai b. Rumawa ne zaune a jikin dutsen Baba. Miƙo uwa in nuna maka a nata, ta fi haske."

Baba Daidai ya miƙa masa ita da hannu biyu, yana gargaɗi kada ya sa mata maiƙo. Ƙamus ya juya ta. Ya sake juyawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske.

"Ina rubutun?"

"Wane rubutu?"

"Na jikinta mana. Ina yaro da farce nake bin sa, har Baba ya taɓa make mini hannu."

Baba Daidai ya karɓe ta. Ya tuna. Tabbas akwai rubutu, a nan gefen da babban yatsansa ke zama. Ya shafa wurin. Sumul, kamar ƙwai.

"Ya shafe," in ji shi. "Tsufa ne."

"Ya shafe?" Muryar Ƙamus ta sauka, irin saukar da yayansa bai taɓa ji ba. "Yaya, ba da alli aka rubuta ba fa. Bugawa aka yi. Rami ne a cikin ƙarfe. Rami ba ya shafewa, sai dai in abin da ke kewaye da shi ne ya tafi."

Can nesa wani mai baro yana ihun a ba shi hanya.

Baba Daidai ya juya wurin ma'auni. Ya ɗora uwa a hagu. Ya karɓi ta Ƙamus da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mushe, ya ɗora a dama. Ƙwal.

"Datti ne," ya faɗa da sauri. "Datti ma nauyi gare shi, Baba ya faɗa."

Ya tsoma ta a ruwa, ya share da gefen rigarsa, ya busar. Ƙwal. Ya sauya musu faranti, ko ma'aunin ne ya karkace. Yanzu hagu ne ya bugi benci. Ya sauko da wani ma'auni daga ƙusa, wanda ya gama gyarawa da safe. Ƙwal. Gumi ya fara bin bayan kunnensa.

"Yaya," in ji Ƙamus a hankali, "ina dutsen matar nan?"

Baba Daidai ya kwance ƙyallen. Ya sauke uwa. Ya bar ta Ƙamus a hagu, ya ɗora na Mai Citta a dama. Harshen ma'auni ya yi 'yar rawa, ya leƙa nan, ya leƙa can, sannan ya tsaya cak a tsakiya. Bakin Baba Daidai ya buɗe da kansa don ya faɗi kalmar da ya saba, amma ta ƙi fitowa.

"Innalillahi," in ji Ƙamus.

Tsohon ya zame ya zauna a ƙasa. Daga nan ƙasan ne idonsa ya faɗa kan wani babban gwangwani a ƙarƙashin benci, inda yake share garin ƙarfen da ya gurza. Ya kusa cika. Na mahauci yana ciki. Na mai sukari, na mai ƙusa, na mai shinkafa, na Shugaba kansa. Duk dutsen da ya shigo layin nan da gaskiyarsa, shi ya kama shi ya rage masa tsawo, ya ce daidai.

"Ba masu ƙira ba ne suka lalace," ya ce, kamar mai magana cikin barci. "Ashe uwa ce take ramewa. Ni kuma ina bin kasuwa ina ramar da kowa."

Ƙamus ya dubi tasa da ke kan faranti. Ya ce, "To ka riƙe tawa mana. Ka ɗan goge ta, ba wanda zai..."

"Kada ka sake ce mini goge!"

Ya koma gida rana ba ta faɗi ba, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa tana tankaɗe toka a bakin murhu, ta gobe. Ta ɗago ta gan shi.

"Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

Ya zauna a kan turmi ya gaya mata. Ta saki rariya, toka ta tashi ta rufe mata zane.

"Da hannuna fa nake tankaɗe maka ita," in ji ta. "Lemon nan kuwa, ko yara na mura sai na ɓoye na uwa." Sai kuma ta zaro ido. "Tsaya. To ina tagullar ta tafi?"

"Tsumma."

"Tsummokaran da nake wankewa suna fitar da baƙin ruwa? Wayyo ni! Ashe uwa nake zubarwa a kwata!" Ta tafa hannu, ta riƙe haɓa. Sannan ta tambayi abin da yake gudun a tambaya. "Ita wannan baiwar Allah, Mai Citta, fa?"

"Gobe take kwashe kaya."

"Au," in ji matar. Ta ɗauki tokar ta juye a bayan murhu.

Washegari masu shara ba su ji ƙis-ƙis ba. Baba Daidai ya wuce kai tsaye shagon Shugaba, ya same shi yana jera buhunan sukari. Shugaba ya ji rabin magana ya tashi ya jawo ƙofa. Ya ji sauran ya nemi buhu ya zauna.

"Har nawa?"

"Har naka, ranka ya daɗe. Sau biyu na gurza maka."

"Subhanallahi." Ya cire hula ya fifita kansa. "Wa ya sani?"

"Ni, da ƙanena, da mai ɗakina."

"To ya tsaya nan. Baba, ka san abin da zai faru in masu saye suka ji? Layin nan ya mutu. Ka bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ka ce gyaran shekara ne, ka ciccika su a hankali. Ita kuma matar, in ƙura ta lafa, ma nema mata wani ɗan lungu a baya."

"Sunanta fa?"

"Naka sunan fa?" Shugaba ya matso. "Shekara arba'in ana ce maka Daidai. Kana so jikokinka su ji ana ce maka me?"

Maganar ta shige shi. Ya fito yana jan ƙafa, yana lissafa yadda za a yi: a fara da mahauci, a ce masa ƙasan dutsensa ya ci. Ai gyara gyara ne, ko a ɓoye ko a fili. Har ya fara jin numfashinsa na dawowa, sai ya iso tsakiyar layi.

Mai Citta ta riga ta ɗaure buhuna. Tana tsaye a kan kujera tana kwance ma'auninta daga ƙusa. Mai Barkono na jingine da rumfarsa yana sakace, yana ba ta shawara ta koma sayar da duwatsun gini tunda nauyi take so. Ba ta kula shi ba. Da ta hango tsohon sai ta sauko.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya, 'yata."

"A ba ni ajiyata in tafi da ɓarawona. Ko shi ma an kore shi daban?"

Ta gaishe shi. Abin da ya fi damunsa ke nan. Ya dubi hannunta da ta miƙa, igiyar buhu ta yi masa jan layi.

"Mayar da ma'aunin nan kan ƙusa," in ji shi. "Ina zuwa."

Ya dawo da duwatsu uku a cikin rigarsa, Ƙamus na biye da shi yana haki. Jama'a suka taru, don ba a taɓa ganin uwa ta bar shago ba. Shugaba ya fito yana ɗaga masa hannu daga nesa, yana girgiza kai. Baba Daidai ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗaga baƙar ya ce wannan 'yar'uwar uwa ce, tare mahaifinsu ya saye su, ba a taɓa goge ta ba. Ya ɗora ta da na Mai Citta. Harshe ya tsaya cak. Ya sauke na Mai Citta ya ɗora uwa. Farantin uwa ya tashi sama, yana lilo, tana ta walƙiya a rana.

Wata mata mai kwando ce ta fara magana.

"Ban gane ba. Uwar ce ba ta cika ba?"

"Kai!" Mahauci ya kutsa da wuƙa a hannu, mutane na darewa. "Baba, nawa fa? Bara ka gurza mini shi!" Ya ruga ya ɗauko ya ɗora. Sama. Mai shinkafa ya kawo nasa. Sama. Mai ƙusa bai ma kawo ba, ya tsuguna inda yake ya riƙe kai.

"Wato duk naman da na saya a layin nan tun ina amarya," in ji mai kwando, muryarta na hawa, "da saura?"

"Hajiya, wallahi ban sani ba!" in ji mahauci. "Ga wanda ya aske mana duwatsu nan!"

"Ku tsaya, ku tsaya," Mai Barkono ya shigo tsakiya, sakacen na hannunsa. "Su sayarwa suke yi. Ni da nake saye fa? In dutsena bai cika ba, me ke nan?"

"Kai kyauta kake yi," in ji Ƙamus. "Kowane buhu kana biyan manomi labobin da bai kawo ba. Allah ya karɓa."

Mai Barkono ya lalubi buhun Mai Citta ya zauna a kai. Ta ce ya tashi mata daga kan kaya. Ya tashi.

Hayaniya ta kaure, kowa na magana ba mai ji. Baba Daidai yana tsaye a tsakiya, hannuwansa a sake, yana jiran duk abin da zai zo. Mai Citta ce ta ɗaga murya har aka yi shiru. Ba ta yi murmushi ba, ba ta yi kuka ba.

"Baba, ranar nan ba ma'auni kaɗai ya yi magana ba. Da bakinka ka ce ina cin haƙƙin manoma. Yau ma ka faɗa da baki."

Ya juya ya fuskanci jama'a, har da Shugaba da ya ƙaraso yana share gumi.

"Dutsen matar nan daidai ne," ya ce. "A duk layin nan shi kaɗai ne daidai. Nawa ne ba daidai ba."

Ta sunkuya ta fara kwance igiyar buhun farko. "Manoman da suka guje ni fa, wa zai bi su ya gaya musu?"

"Ni zan tsaya a bakin ƙofar kasuwa. Duk wanda ya shigo da buhu, zai ji daga bakina."

Ya kuwa tsaya, makonni, da safe kafin ya buɗe shago. Wasu manoman sun dawo mata, wasu har yau suna wuce ta, don labarin farko ya riga na biyu isa ƙauye. Masu saye da yawa sun koma kantunan kilo. Shugaba ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. An sauko da ludayin dalma, an kore gizo, duwatsun layi suka yi jerin gwano a bakin shago ana yi musu ciko, bai karɓi ko sisi ba. Ta Ƙamus ce yanzu a kan benci, a cikin akwati, baƙa ƙirin yadda take. Ƙamus kan zo duba ta kamar mai zuwa asibiti, ya bi l da b da farce, ya tabbatar suna nan. Mahauci kuma ya raɗa wa tsohon sabon suna, Baba Saura Kaɗan, kuma yana amsawa.

Bayan wani lokaci, wata safiya, masu shara suka sake jin ƙis-ƙis daga ƙarshen layi. Mai Citta, da ta zo da wuri don tarbar mota, ta leƙa. Yana zaune a bakin shago da tsumma da toka, uwa a cinyarsa. Da ita yake tokare ƙofa yanzu.

"Baba! Ba ka daddara ba?"

"Hannun ne ya ƙi zama, 'yata. Wannan kuwa ta ajiye aiki. Ko ta ƙare ƙarƙaf, ƙofa kaɗai za ta cuta."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta nuna akwatin da ke kan benci da haɓa.

"Waccan dai."

"Ko hura ta ba na yi," in ji shi.